Sunan da Dokta Ya Ara

Gashuwa, farkon Rajab

Yaya Haisam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ɗaliban da kake gasawa a jami'a. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai Baban Munira da ƙafafunsa suka sake kumbura. Likita ya ce ƙoda ce, ciwon nan na garinmu da ya shiga kusan kowane gida. An ba shi magani, an hana shi gishiri, yana sha yana mita. Ranar kasuwar Nguru ya biya ta wurin Gogo. Ya ce mahaifiyar taka garau take, faɗa kawai take yi, wai ka yi wata guda a ƙasar nan ita ko kwanan kirki ba ka yi mata ba. Na ce gara ita. Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, amma ni sai da bincike ya koro ka ka san ƙofar gidana.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tun da ka tafi hankalina bai kwanta ba. Ka zo da 'yar na'urarka ta ɗaukar magana, ka bi 'yan kifi rumfa rumfa kana tambayar yadda 'yan sintirin Abbo suke yi da su a shingen hanyar Nguru, kowa ya ce maka lafiya lau. Maigidan nan ma lafiya lau ya ce maka, ya ɗauki buta ya tafi masallaci. Ni ce mai dogon baki. Ka same ni a madafi ina gyaran tarwaɗa, ka ce, "Malama Juwairiyya, ke da kika riƙe aji ai ba kya rasa abin faɗa ba." Ni kuwa kaina ya kumbura, na zazzage maka komai. Na ce ba motar da take wucewa ba a sauke musu kwalin banda ba. Na ce kifin da suke ƙwacewa wai don tsaro, a kasuwar Nguru yake fitowa, a rumfar ƙanen Abbo. Har na ce maka wasu sun gwammace su ratsa daji su sallami mutanen daji, don su ba sa shanya wa mutum kaya a rana har ya lalace. Wannan ta ƙarshen ita ce ta tsaya mini a wuya.

Na gaya wa maigidan abin da na yi. Bai yi faɗa ba, ka san shi. Ya dube ni ya ce Allah ya kyauta.

Ka yi mini alkawari ba za a san ni ba. Ina tuna maka ne, don na san ku 'yan boko, alkawarinku sai ana yi ana ban ruwa. Kuma kai ka ce kada a yi zancen a waya tunda ana duba wayoyi a shinge, shi ya sa na ba Bilya direba wannan, ya cusa ta cikin kwalin kifin da zai kai Kano. In ta zo tana ƙarni, ka yi haƙuri, Dokta.

Ƙanwarka,
Juwairiyya

*

Kano, tsakiyar Sha'aban

Ƙanwata Juwairiyya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da ƙarninta, har abokin ofis ya tambaye ni ko na canza sana'a. Muna lafiya. Ki yi wa Nagoggo sannu, ki ce ya bi maganar likita sau da ƙafa. Ki shafa mini kan Munira.

Ki kwantar da hankalinki. Shekaruna nawa ina wannan aiki, daga wannan yankin rikici zuwa wancan, ba wanda ya taɓa shiga uku ta dalilina. Muna da ƙa'ida: wanda ya yi magana ba ya fitowa da kamanninsa. Ke ma haka na yi miki. Na mayar da ke namiji, na ɗauke ki daga Gashuwa na kai ki Dagona, na ara miki suna daga iska. Ko ke kika karanta sai kin tambayi wane ne wannan bawan Allah mai baki haka.

Albishirinki. Mujallar da na daɗe ina nema ta karɓi aikin. Abin da na nuna a ciki mai sauƙi ne, amma ba wanda ya auna shi kafin ni: shinge haraji ne da doka ba ta san da shi ba. Duk inda aka ƙara shinge, masunci yana rage shiga ruwa, kifi yana ƙara tsada a Kano, wanda aka kafa shingen don a tsare shi kuma shi ne yake biya. Lissafi na kawo, amma waɗanda suka duba sun ce maganarki ce ta ba shi rai. Kin ga dogon baki ya yi rana.

Wani gidan rediyo ya gayyace ni in yi bayani da Hausa ranar Asabar da hantsi. Ki kunna ki ji. Bayan salla kuma an kira ni Turai, zan yi 'yan watanni ina gabatar da aikin. In Allah ya so, wannan ne zai cika mini takardun zama farfesa. Gogo ta ce ba za ta yarda ba sai ta gani da idonta.

Yayanki,
Haisam

*

Gashuwa, ƙarshen Sha'aban

Yaya,

Muna gaisuwa. Jiki da sauƙi.

Na ji rediyo. Ba ni kaɗai na ji ba, an yanko wurin ana ta turawa a wayoyi, kuma inda ka ce sunan aro ne an datse shi.

Yaya, ka nutsu ka karanta. Wanda ka ambata a gidan nan yake kwana, a gidan nan yake tashi. Ba daga iska ka ɗauko shi ba. Ba zan iya rubuta fiye da haka ba, ka san abin da ya hana ni, kuma yanzu kwali ɗai-ɗai suke farkewa a shinge. Don girman Allah ka koma gidan rediyon nan ka gyara tun kafin a shiga azumi.

Juwairiyya

*

Kano, farkon Ramadan

Ƙanwata,

Barka da shan ruwa. Ya ibada, ya mai jiki?

Kin ba ni dariya. Ai na san a gidan nan yake kwana, tunda ni na yi hira da shi a madafi yana gyaran tarwaɗa da ɗankwali a kansa! Ni da ke mun san ke ce Siddiƙ ɗin da na ambata a rediyo, kuma daga mu ba wanda ya sani. Ko dai haushi kike ji an ba namiji maganarki? Ki yi haƙuri, Malama, ranar da ƙasa ta zauna lafiya zan rubuta sunanki da manyan baƙi.

Tsoro ne kawai, kowa yakan ji shi in ya ji maganarsa a bakin duniya. In na koma rediyo yanzu, wutar da ta fara mutuwa zan hura. A bar shi ya wuce. An matso da tafiyata, jibi zan tashi. In akwai saƙo Bilya ya ajiye a ofis.

Yayanki,
Haisam

*

Gashuwa, tsakiyar Ramadan

Yaya Haisam,

Ban san ko in ce muna lafiya ba. Munira lafiyarta ƙalau. Ni ina tsaye.

Sun kama shi. Ranar Talata, yana gaban motar Bilya za su Nguru, suka sauke shi a shinge, suka ce wa Bilya ya ja motarsa.

Ka yi dariya, ko? To bari in yi maka dalla-dalla kamar ɗan aji ɗaya, tunda digirinka bai kai nan ba. Sunan da ka ce ka aro daga iska, shi liman ya raɗa wa mijina. A Dagona aka haife shi. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, goggonsa ta ɗauko shi ta raine shi a Gashuwa, shi ya sa duk gari suke kiransa da abin da kake kiransa. Sunan yankan ya kwanta, ko abokan cin tuwonsa da yawa ba su san shi ba. Wuri ɗaya yake aiki: a katin da 'yan sintiri suka yi wa 'yan kifi don wucewa shinge. Suna, sana'a, garin haihuwa. Duk ukun ka faɗa a rediyo, a jere, kamar kana karanta katin.

Ka zauna wata guda a gidansa. Ya bar maka ɗakinsa mai fanka ya koma zaure. Ka tambaye shi farashin karfasa, ka tambaye shi kuɗin mota, ka tambaye shi yadda ciyawar kacalla ta cinye ruwa, ba ka taɓa cewa, bawan Allah, mene ne sunanka ba. Ni kuwa a ina za ka ji shi a bakina? Uwarka ta taɓa kiran sunan ubanka a gabanka? A Nguru aka haife ka, Yaya, ba a jirgin sama ba. Na ce maka ka san abin da ya hana ni rubutawa, ashe ka manta.

Suna tsare da shi a tsohon sito na gyaɗa da ke bayan shingen. Na je da ƙafata. Na tsaya gaban Abbo na ce, "Ni na yi maganar nan, ba shi ba. Ku sake shi ku kama ni." Ya kalli yaransa, suka fashe da dariya. Ya ce, "Hajiya, kowace mace haka take faɗa. Dokta da bakinsa ya ce namiji ne, ɗan Dagona. Ke kin fi Dokta sani ne?" Maganar kifin ba ta dame su kamar ta daji ba. So suke ya faɗi su waye suke sallamar mutanen daji, ta wace hanya. Shi kuwa wallahi bai taɓa sauka daga kwalta ba.

An bar ni na gan shi ta taga. Na ce zan ci gaba da faɗa musu ni ce. Ya ce, "In kika sake, ban yafe ba. Wa zai riƙe Munira?" Na kai maganinsa, suka karɓa suka ajiye a kan benci.

Ka rubuto wa Abbo da hannunka cewa mace ce ta yi maka magana, ni ce. Na yafe maka alkawarin, ni na ɗora maka shi, na sauke. Wannan takardar ko sun farke ta ban damu ba.

Juwairiyya

*

Gashuwa, bayan ƙaramar salla

Yaya,

Barka da salla, in kun yi a can. Mu ba mu yi ba.

Har yau ba amsa daga wajenka. Bilya ya ce ya kai takardata ofishinka, ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Na kira lambarka har na gaji, ba ta shiga. Na je Nguru wurin Gogo, ta ba ni wata lamba mai tsawo, na kira, wata Baturiya ta yi ta magana ita kaɗai. Gogo ta yi kuka, ta ce in rufa mata asiri kada unguwa ta ji ɗanta ne. Unguwa ta riga ta ji.

Na je duk inda ake zuwa. Nan a ce ana bincike, can a ce maganar tsaro ce ba a sa baki. Dattawan kasuwa sun je sau ɗaya, da aka tambaye su ko su ma suna bin daji, ba su koma ba.

Jiya na sake ganinsa. Kumburin ya wuce gwiwa, fuskarsa ta cika har idanun sun shige. Takalmi ba ya shigarsa. Yatsun hannunsa na dama ba sa lanƙwasuwa, na tambaye shi, ya ce faɗuwa ya yi. Maganin yana nan kan benci, rana ta cinye rubutun kwalin.

Abbo ya gaji da ganina, ya ba ni zaɓi biyu in isar maka. Ko dai ka kawo na'urar ya ji muryar da kunnensa, in ta mace ce ya saki namijin. Ko kuma ka koma rediyon nan ka ce duk abin da ka faɗa kai ka ƙaga, ba wanda ya gaya maka. Ya rantse a gaban yaransa ko wanne ka yi, a ranar zai sake shi. Na yarda da shi, don shi ma ya ga ƙafafun, ba ya son gawa a sitonsa.

Wanne ya fi maka sauƙi? Ka zaɓa, ni duk ɗaya ne a wurina. Amma ka yi sauri, Yaya. Kafin maganar nan ban taɓa roƙonka komai ba.

Juwairiyya

*

Kano, farkon Zulƙida

Ƙanwata Juwairiyya,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekaranjiya na sauka, na tarar da takardunki biyu a ƙasan ƙofa. A tsaye na karanta su. Allah ya sani ban san sunansa ke nan ba. Ya jikin nasa yanzu? Ya Munira?

Ban zauna ba. Na rubuta wa gidan rediyon cewa sunan na aro ne, sun karanta a labaran safe. Na rubuta wa ƙungiyoyin kare haƙƙi da na sani a nan da waje. Na nemi wani babba da muka yi karatu tare, ya ce zai duba. Ana motsi, ko da ba kya gani.

Amma zaɓin nan biyu, ki saurare ni da hankali, ba da zuciya ba.

Na'urar ba zan iya bayarwa ba. Kafin a ba ni izinin bincike na sa hannu cewa muryar kowa ba za ta fita ba, ko da mai muryar ne ya nema, domin wanda ke cikin tashin hankali ba ya iya yanke wa kansa hukunci. In Abbo ya ji muryarki, ke zai riƙe, kuma kin san abin da ake yi wa mace a irin wurin nan. Shi kansa Nagoggo ya hana ki. Ina bin maganarsa ne.

Na biyun kuma, ki duba girman abin da kike nema. In na ce na ƙaga, ba ni kaɗai zan faɗi ba. Duk wanda ya taɓa rubutu a kan shingaye za a ce maƙaryaci ne, Abbo da ire-irensa su samu takardar wanke kai har abada. Dubban 'yan kasuwa nake wa magana, ba gida ɗaya ba. Ba zan ɓoye miki ba kuma, takarduna suna gaban masu duba ƙarin girma a wannan watan. Malamin da ya ce ya ƙaga bincike korarsa ake yi, ba ya sake koyarwa ko a firamare. In na rushe, da wace murya zan taimake ku?

Rantsuwar irin su Abbo ma ba abin dogaro ba ce. Na yi nazarin ƙungiyoyi irin tasa da dama, sukan saki mutum da kansu in riƙonsa ya fi sakinsa tsada. Lokaci yana wajenmu.

Ga abin da za ki yi mini. Duk zuwan da kika yi, ki rubuta abin da kika gani: me suke ba shi ya ci, su nawa ne a ɗakin, me suka ce, wa ya ce. Kada ki raina komai. Abin da ya same shi shi ne hujja mafi ƙarfi a kan abin da na rubuta, kuma in an tattara shi da kyau ba wanda zai iya musu. Ki turo ta hannun Bilya.

Ki yi haƙuri, ki yawaita addu'a.

Yayanki,
Haisam

*

Gashuwa, Zulƙida

Haisam,

Ka ce in rubuta abin da na gani. To ga shi.

Abbo ya ji gyaranka na labaran safe, ya ce ai dole ka ce haka. Nazarinka kuma ya yi daidai, sun sake shi da kansu. Ranar Laraba suka tare wani mai keke, suka ɗora shi a baya, suka ce a kai shi gida. Maza biyu ne suka shigo da shi. Asibiti suka ce ƙodar ta riga ta tsaya, a kai shi Kano ko Maiduguri a wanke jini, in ya kai. Bai kai ba. Ya rasu ranar Asabar da hantsi, an kai shi makwancinsa bayan azahar.

Su nawa ne a ɗakin, ban ƙirga ba.

Juwairiyya

*

Kano, watan Safar

Ƙanwata Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Nagoggo, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Na so in zo gaisuwa da kaina, aka ba ni shawarar kada in bi hanyar nan yanzu. Na san Gogo ta wakilce ni. Na yi shiru ne don in bar ki ki samu nutsuwa, ba don na manta ba. Ba ranar da ba na tuna shi.

Wataƙila kin ji, an tabbatar mini da kujerar farfesa. Wallahi ban ji daɗinta yadda na zata ba.

Aikin zai fito a littafi baɗi. Na ƙara babi guda a kan abin da ya faru, da takardunki na yi amfani, na cire duk abin da zai nuna ki. Waɗanda suka karanta sun ce shi ne babin da ba za a manta da shi ba. Ina so in sadaukar da littafin gare shi a shafin farko, don duniya ta san an yi mutumin kirki irinsa. Ina neman izininki, kuma ki gaya mini wanne za a sa, Nagoggo ko Siddiƙ. Masu bugawa suna jira.

Karatun Munira kuma ki bar shi a wuyana.

Yayanki,
Farfesa Haisam

*

Gashuwa, Rabi'ul Awwal

Farfesa,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Na kusa fita takaba. Munira ta koma makaranta, baffanta na Dagona ya ɗauki nauyinta, wuyanka ya huta. Ina taya ka murna, Gogo ta gani da idonta.

Wannan karon ka yi tambaya kafin ka rubuta suna. An ci gaba.

Akwai abin da ban sa a takardar da ta wuce ba, ga shi ka rasa shi a babinka. Ranar Juma'a da la'asar, ana gobe zai rasu, hankalinsa ya dawo sarai. Ina zaune ina yi masa fifita. Ya ce, "Juwaira, tun da suka kama ni sunan nan nake ji safe da yamma, kowane kira da sanda a bayansa. Uwata ce ta ƙarshe da ta kira ni da shi da daɗin rai, ko muryarta ban riƙe ba. Ki kira ni da shi sau ɗaya, in ji."

Shekara da shekaru ina gidansa ban taɓa faɗa ba, ko a bayan idonsa. In na ji ana kiran wani yaro da shi a layi, sunkuyar da kai nake yi. Amma ran nan ba kunya ce ta hana ni ba, kunyata ta ƙare a gaban Abbo. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sai na ji muryarka. Yadda ka gyara murya a rediyo, ka ja sunan a hankali don masu sauraro su riƙe. Duk ta inda na ɗauko shi, da muryarka yake zuwa. Na kasa.

Ya jira. Yana kallon bakina da idanun nan da suka kusa rufewa, ya jira har aka kira magariba. Sannan ya ce, "Bar shi, ba komai." Ya juya ya fuskanci bango. Bai sake magana ba.

Ban yafe maka ba, kuma ba na nufin yafewa. Na faɗa ne don kada ka yi ta nazari a kai.

Batun shafin farko. Wanda gari yake kiransa da shi namu ne, ni da 'yarsa da goggon da ta raine shi, ban ba ka ba. Ɗayan kuwa ba ka nemi izinina ba ranar da ka ɗauka, kuma ya riga ya yi maka aiki. Ka sa shi da manyan baƙi. Kai ka iya faɗarsa.

Kada ka ba Bilya amsa, na ce masa kada ya karɓa.

Matarsa